Afiniki da Ƙwan Kajin Turawa

A gindin duwatsun Kagoro akwai wata 'yar unguwa da gidajenta ba su wuce ashirin ba. In ka isa can ka tambayi gidan Meshak, sai mutane su tsaya suna kallon juna, kowa na sosa ƙeya. Amma ka ce gidan Afiniki mai kaji kake nema, ko akuya ka tarar a hanya sai ta nuna maka. Meshak ɗin mijinta ne, manomin citta, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa ɗaga hankalinsa don an manta da sunansa ba. Afiniki kuwa gajeruwa ce kakkaura, muryarta ta ishi mutum biyu, kuma duk inda ta sa ƙafa a tsakar gida akwai rundunar kaji a bayanta.

Tana da shekara goma sha biyu uwarsu ta rasu, ta bar mata kaza guda da ƙanwa guda da ba a daɗe da yayewa ba. Duka biyun ta yi renonsu, ɗaya a akurki ɗaya a bayanta, kuma har ta tsufa tana cewa kazar ta fi jin magana. A kan wannan kaza ɗaya ta koyi duk abin da ta sani. Ta san yadda ake cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri, washegari a kwaso gara fal a zazzage wa 'yan tsaki. Ta san ɓawon maɗaci da ake jiƙa wa kaji in ciwo ya shigo gari, da shunin da ake shafa wa ƙanana don shaho ya hango su ya rasa ko mene ne. Amma abin da ya yi mata suna shi ne ƙyanƙyasa. Da damina Fulani kan kawo mata ƙwan zabi, masu agwagi su kawo nasu, ta zaɓi kazar da ta yi kwanci ta jera mata, kuma da wuya ka ga ƙwai ɗaya ya lalace. Har ana cewa ko dutse ka ba Afiniki, ka ƙara mata da kwana ashirin da ɗaya, zai fito da baki da ƙafafu. Ba ta da gona tata, ba ta yi boko ba, ɗanta ɗaya Silvanus yana aikin soja a wani gari mai nisa. Sunan nan shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma tana ji da shi fiye da kima.

Ƙanwar tata, Caroline, ita ce albasar da ba ta yi halin ruwa ba. Afiniki ta sayar da kaji ta sa ta makarantar mishan, ta gama, ta auri Bartholomew, akawu a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, ta tare a kwatas ɗin Reluwe inda ruwa ke fitowa daga famfo. Tun daga nan ta zama 'yar birni. Karin kumallo shayi da burodi, da rana shinkafa da miyar tumatir a kan risho, ana ci da cokali mai yatsu. Tsakanin Kagoro da Kafanchan tafiya ce da mai ƙafa zai gama kafin rana ta yi zafi, amma in ka ji 'yan'uwan nan biyu suna hira sai ka rantse teku ne a tsakani.

Kusan kowane wata Afiniki kan sauka Kafanchan da kaya niƙi-niƙi a ka: acca, gwaza, riɗi, yakuwa, wani lokaci har da kaza a ɗaure. Ta sauke, a yi godiya. Amma a ba ta wani abu ta karɓa, wannan kam ba a taɓa gani ba. Shayi ta ce ruwan zafi ne aka ɓata wa launi. Burodi ta ce iska ce aka toya. Caroline ta taɓa saya mata takalmin roba, ta bar shi a ƙarƙashin kujera kamar mantuwa ce. Ita ma Caroline ba ta raga mata. Ranar da Afiniki ta ce bari ta dama musu paten acca da yakuwa da gauta irin na gida, sai ta riƙe baki ta ce, "Yaya, pate a kwatas? Maƙwabta za su ce yunwa ya shiga gidan Bartholomew."

A shekarar 1976, lokacin da gwamnatin soja ke ta shela a rediyo cewa kowa ya yi noma ko kiwo a bayan gidansa don a ciyar da ƙasa, Bartholomew ya sauko daga jirgin Jos da kwali cike da 'yan tsakin turawa. Aka kira kafinta ya buga musu keji na katako da waya a bayan kicin. Kafin damina ta ɗauke sun girma, farare tas, guda ashirin, har sun fara ƙwai.

Afiniki ta zo a watan Oktoba. Ko kayan kanta ba ta gama saukewa ba Caroline ta ja ta bayan gida.

"Yaya, zo ki ga kaji," in ji ta. "Wannan ba irin naki ba ne mai yawo a bola. Abincin shi a buhu yake zuwa. Kowane safe ƙwai, kowane safe ƙwai, ko Lahadi ba ya hutu."

Afiniki ta leƙa, ta taɓe baki. "Kaza wanda bai san ranar Ubangiji ba, ina amfanin shi? Duba ƙafa kamar tsinken tsintsiya. Wannan in shaho ya yi atishawa a sama, duka za su mutu. In ka dafa shi ma, kafin haƙori ya gaishe shi ya narke."

Bakinta ke nan. Idonta kuwa yana kan kwanon da ke hannun Caroline, yana ƙirge. Ƙwai goma sha bakwai, na safiya ɗaya, manya, farare. Kazarta mafi kirki takan yi goma sha biyu ta tsaya, ta yi kwanci, ta yi reno, sai bayan wata uku a sake ganin ƙwanta. Nan take kwaɗayin irin nan ya shige ta har ƙashi. Goma sha biyu kawai take bukata ta jera wa kazarta, shi ke nan ta samu iri. Kuma da ta buɗe baki ta ce a ba ta, da Caroline ta juye mata kwanon gaba ɗaya. To amma yaya za a yi wadda ta goya yarinya, ta share mata majina, ta dawo tana miƙa mata hannu? Roƙon ma na abin da ta gama kushewa yanzu-yanzu?

Sai da aka zauna cin shinkafa ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta dubi bango ta ce, "Baban Silvanus yana fama da tari. An ce ɗanyen ƙwai da zuma ne maganin shi. Ga kajina duk sun yi kwanci."

"Ayya! Allah ya ba shi sauƙi," in ji Caroline. Ta tashi ta jera mata goma sha biyu a kwano da dusa. Afiniki ta karɓa a madadin mara lafiya, wanda a daidai lokacin yana gona yana haƙar citta, lafiyarsa ƙalau.

Tana isa gida ta jera su a ƙarƙashin wake-wakenta, kazar da ba ta taɓa ba ta kunya ba. Da a nan ta tsaya, da ba mu da labari. Amma ranar Alhamis a taron zumuntar mata, bayan an rufe da addu'a, sai aka shiga hirar kajin turawa. Emilia matar pasto, wadda ta ɗan taɓa zama a Kaduna kuma ba ta bari a manta, ta ce ta ji daga bakin malamin gona cewa irin waɗannan kaji inji ne ke ƙyanƙyashe su, kazar ƙauye ba ta iyawa.

Afiniki ta gyara ɗaurin zane. "Mama Pasto, injin nan yana da fiffike?"

"Ba shi da shi."

"To nawa yana da shi. Kafin Kirsimeti za ku ga farin 'yan tsaki a gidana. In ba ku gani ba, ku canza mini suna."

Mata suka sa shewa. Magana ta bi unguwa gida-gida, kafin Lahadi ta haura har kan dutse. Baki dai shi ke yanka wuya.

Ranar da aka cika kwana ashirin da ɗaya Afiniki ta share tsakar gida tun da sassafe, ta kwaso gara, ta ɓarza tsaki. Mata suka yi ta shigowa, wannan aron rariya, waccan ɗiban wuta, kowacce idonta na kan akurki. Shiru. Ashirin da biyu, shiru. Afiniki ta ce ai kajin Reluwe ne, ba su saba isowa a kan lokaci ba. Ranar ashirin da biyar, wake-wake ta rame ta koma ƙashi da gashi, sai ga Emilia ta shigo gaisuwa. Afiniki ta ɗauko ƙwai ɗaya don ta kara mata a kunne ta ji motsi, ƙwan ya fashe a hannunta. Warin da ya tashi ya kori matar pasto har bakin hanya ba ko sallama. Duka goma sha biyun baragurbi ne, ko ɗigon jini babu a cikinsu.

Ba wanda ya canza mata suna a gaban idonta, mutanen unguwar suna da kunya. Amma bayan kwana biyu, tana tsaye a ƙofar gida, ta ga maƙwabciyarta Bernice ta taho da ƙwan agwagwa a ƙwarya, ta gaishe ta cikin ladabi, ta zarce wani gidan. Wannan ya fi zagi ciwo. Afiniki ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado, ranta a ɓace, ko abinci ta kasa ci. Shekara talatin tana gina sunan nan, ga shi ƙwan Kafanchan zai rushe shi cikin wata guda, kuma ita kanta ba ta san inda ta yi kuskure ba.

Wadda ta warware mata ƙullin ita ce Hussaina, Bafulatana mai tallan nono, ƙawarta ta shekara da shekaru, wadda ke kawo mata kashin shanun da take haɗa tarkon gara. Hussaina na kai nono har kwatas ɗin Reluwe. Ta sauke ƙwarya, ta saurari labarin daga farko har ƙarshe, sannan ta ce, "Ƙawa, ni kam wata nawa ina shiga gidan ƙanwarki da sassafe. Ban taɓa jin cara a gidan nan ba."

Afiniki ta runtse ido ta sake leƙa kejin nan a zuciyarta: farare ashirin, duk mata. Babu zakara. A ƙauye wa ke tambayar ko akwai zakara? In babu a gidanka akwai a gidan maƙwabci, kuma ba ya jiran gayyata. Ba ta taɓa ganin kazar da aka kulle tun tana tsako har ta girma ba ta san namiji ba, kuma ranar da ya kamata ta lura tana can tana taɓe baki. Rashin sani ya fi dare duhu.

"Ki je ki gaya mata gaskiya mana," in ji Hussaina.

"Gara in shanye baragurbin nan," in ji Afiniki.

Maimakon gaskiya sai ta ƙulla sabuwar dabara. Tana da wani jan zakara mai tafiya yana buga ƙafa, shi ya sa ake kiran sa Kofur. Ta ɗaure shi ta sa a kwando, ta hau motar kiya-kiya sai Kafanchan.

"Karo," haka take kiran Caroline, "wannan na Kirsimeti ne, amma ya ƙi ƙiba. Ki ba shi abincin buhun nan naki sati biyu mu gani."

Caroline ta ajiye abin da ke hannunta. "Yaya, ke? Ke da bakinki kike cewa abincin buhu ya fi gara?"

Afiniki ta haɗiye wannan da ƙyar. "Gwaji ne. Amma ki sa shi ciki tare da su. Shi ba ya cin abinci shi kaɗai, sai cikin jama'a."

Caroline ta dube ta, ta dubi zakara, ta dubi keji. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, Yaya." Kofur ya shiga ya tarar da mata ashirin ba abokin hamayya, kuma ba a ji ya yi ƙorafi ba. Masu ƙorafin su ne Bartholomew da maƙwabtansa ma'aikatan Reluwe, waɗanda suka saba agogo ne ke tashin su.

Sati biyu cif Afiniki ta dawo. Abin tausayi, tarin Baban Silvanus ya sake tashi, har ya fi na da. Caroline ta jajanta ƙwarai, ta ce ta yi gaba tasha, za ta same ta da saƙo. Mota na shirin tashi Caroline ta iso da babban gwangwanin madara an ɗaure bakinsa da ɗankwali. Afiniki ta rungume shi a cinya, duk ramin da direba ya faɗa sai ta tambaye shi ko a kunyar doya ya koyi tuƙi.

A gida wata baƙar kaza ta yi kwanci tana jira, an share mata gurbi. Afiniki ta kwance ɗankwalin da ke bakin gwangwanin. A saman dusa akwai wata 'yar takarda a ƙulle. Ta warware ta, sai ga gishiri da yaji. Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta murza shi a cikin faranti, ya yi ta juyi kamar katantanwa. Dafaffe ne. Duka goma sha biyun an dafa su sun yi tauri.

Meshak, wanda aka yi sati shida ana tari da sunansa bai ga ko ɓawo ba, ya matso da kujerarsa. Ya ɓare ɗaya, ya dangwali yaji, ya ɓare na biyu. Sai a na huɗu ya yi magana. "Maman Silvanus, wannan magani yana aiki. Ki gode wa Caroline."

Afiniki ta san ba kuskure ba ne, domin wanda ya dafa ƙwai bisa kuskure ba ya ƙulla yaji. Yarinyar nan ta gane ta sarai, ta kuma aiko mata da amsa. Ta lissafa a yatsunta: saura kwana ashirin da biyar Kirsimeti, kwanci kuwa ashirin da ɗaya ne ba ragi. Kwana biyu ta yi tana huci tana neman dabara ta uku, ba ta samu ba. A rana ta uku ta fita da sassafe a ƙafa, kanta ba kaya, hannunta ba komai. Tun da Caroline ta yi aure ba ta taɓa nufar gidanta haka ba, har ta riƙa kai hannu tana taɓa kanta a hanya.

Ta tarar da ita a bayan gida tana wanki, Kofur na ta cara a keji kamar gidan ubansa.

"Karo, kin dafa ƙwan."

"Na dafa, Yaya. Mai tari dafaffe ya fi masa."

"Kin san babu tari."

"Na sani." Caroline ta matse rigar da ke hannunta. "Ranar kasuwa na ga Baban Silvanus ya kawo citta tasha, yana shan rake, ko gyaran murya bai yi ba. Sai kuma ga ki da zakara mai son cin abinci cikin jama'a. Yaya, ni ma a gidan kaji na girma fa."

"Na farkon fa? Kin bar ni na sa wa kaza ƙwai mara uba, gari duka ya yi mini dariya."

"Kin gaya mini kwanci za ki sa? Magani kika ce. Da kin tambaya, da na gaya miki."

Caroline ta kife bokiti ta zauna a kai, muryarta ta sauya.

"Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan. Kin kawo acca, na karɓa. Kin kawo gwaza, na karɓa. Makaranta ke kika sa ni, zanen aurena ke kika saya. Ni kuwa ko ruwan shayi na ba ki sai ki ture. Takalmi na saya miki, kika bar shi a ƙarƙashin kujera, yana nan har yau. Sau ɗaya a duniya na samu abin da kike so, shi ma sai kin bi ta kan tarin mijinki. Ni ba mutum ba ne da za ki ce, Karo, ba ni?"

Tana faɗa hawaye na zubo mata. Afiniki ta zo da faɗa cike da baki, sai ta neme shi ta rasa. Kunya ta kama ta, da tausayi irin wanda ta daɗe ba ta ji ba. Ita a ganinta duk shekarun nan alheri take yi. Ashe wanda ba ya karɓa shi ma rowa yake yi. Ta tsaya tana murza bakin zanenta. Maganar 'yar gajeruwa ce, amma ta fi damin itace nauyi. Can ta faɗe ta da yarensu na gida, ƙasa-ƙasa, tana kallon keji.

"Ban ji ba, Yaya," in ji Caroline, tana share ido. Ta ji sarai.

"Na ce ki ba ni ƙwai! Ɗanye! Ina so!" Har matar gidan da ke kusa sai da ta leƙo ta taga.

Caroline ta shiga ɗaki ta jawo tukunyar ƙasa daga ƙarƙashin gado. Ƙwai goma sha biyar ne a cikin yashi mai sanyi, kowanne tsininsa ƙasa, kowanne an rubuta masa ranarsa da fensir. "Tun ranar da kika tafi nake zaɓa. Na ce in ba ki zo yau ba, gobe zan kai miki da kaina."

Afiniki ta dafe ƙirji. "Wato da na ƙara haƙurin kwana ɗaya..."

"Da kin sha, Yaya. Allah ne ya kama ki."

Suka fashe da dariya har Afiniki ta zauna daɓas a ƙasa. Da suka lafa Caroline ta dubi hagu da dama, ta rage murya ta ce ita ma tana da nata roƙon: a dama mata pate, ta gaji da shinkafa. Suka kafa duwatsu uku a bayan kicin, aka ɗauko accar da Afiniki ta kawo tun watan jiya, aka tsinko yakuwa da gauta, aka daka gyaɗa. Ƙanshi bai gama ratsa katanga ba matar da ta leƙo ta taga ta iso da kwano, wata 'yar Kagoma ta biyo ta da nata. Ashe rabin kwatas ɗin 'yan ƙauye ne masu cokali mai yatsu.

Kafin rana ta faɗi ƙwai na ƙarƙashin baƙar kaza. Wannan karon Afiniki ba ta ce wa kowa uffan ba. Ranar jajiberin Kirsimeti da safe ta ji 'yar ƙara a akurki, ta durƙusa ta ɗaga fiffiken kazar. Goma sha ɗaya ne, farare-farare, biyu ko uku da ɗigon ja a baya irin na Kofur.

Washegari majami'a ta cika maƙil, 'yan birni duk sun dawo gida biki, Caroline na can bencin baya da hularta ta Kafanchan. Da aka zo lokacin ba da shaida Afiniki ta fito gaba da kwando a rufe, ta yaye zanen da ke kai. Mata suka rangaɗa guɗa. Emilia da kanta ta miƙe ta ce, "Jama'a, na janye maganata. Hannun Afiniki ya fi inji." Aka ɗauki tafi. Sunanta ya dawo mata har da ƙari, ba wanda ya san yadda aka yi, kuma ba mai niyyar tambaya. Abin da ya rage mata kawai ta ce Ubangiji ya karɓi ɗaukaka, ta koma ta zauna.

Ba ta koma ba. Ta hango hular nan a can baya, mai ita na tafi da iya ƙarfinta.

"Ban gama ba," in ji Afiniki. "Wannan ƙwai na ƙanwata Caroline ne. Sau biyu na yi mata ƙarya da tarin mijina, sau biyu na sha ƙasa. Sai da na je da ƙafana na roƙe ta, sannan ta ba ni. Ba don ita ba, da yau kwandon nan babu komai a ciki."

Ba a taɓa jin Afiniki ta roƙi wani abu ba, ko da gishiri ne, balle ta tsaya gaban jama'a ta faɗa da bakinta. Caroline ta sunkuyar da kai, ta rufe fuska da hankici, kafaɗunta na rawa. Afiniki ta rufe kwandonta ta ɗauka, ta yi taku biyu, sai ta ji kyautar ta yi mata yawa a rana ɗaya. Ta juyo.

"Amma zakaran nawa ne."

Pasto ne ya fara dariya, har sai da ya dafa teburin wa'azi. Afiniki ta ratsa ta tsakiyar jama'a, ta wuce wurin zamanta na gaba, ta je bencin baya ta ce wa Caroline ta matsa.